In Garke Ya Watse, Kada Gida Ya Bi Bayansa

Jawabin da ɗaya daga cikin jami'an ƙungiyarmu ya gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Aboabo, Kumasi.



Malam shugaban taro, iyayenmu sarakuna da ardo-ardo, malamanmu limamai, masu gidajen baƙi, dillalai, sarkin fawa da jama'arsa, iyayenmu mata, 'yan'uwa makiyaya da fatake, muna yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida da garke lafiya.

Mun sani duk lokacin da aka kira taro irin wannan, abin da kuke sa ran ji shi ne maganar burtali da mashaya, ko diyyar ɓarnar gona, ko kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya daga Paga zuwa Kumasi. Yau kam muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan wata magana dabam, watau maganar cikin gida. Dalili kuwa shi ne, da muka zauna mu jami'ai muka duba irin ƙarar da ake kawo mana, sai muka ga ba ta gona da kara kaɗai ba ce. Yau a ce mata ta yi yaji, gobe a ce ɗa ya ɗaga wa ubansa murya, jibi a ce wane ya daina magana da kowa, ko barci ba ya yi. Mun yi sulhu har mun gaji, wasu gidajen kuma sai mu daidaita su da safe, kafin magariba an koma gidan jiya. Shi ya sa muka tafi muka yi tambaya wurin ma'aikatan lafiya, muka ga ya kamata mu kawo muku abin da muka samo.

Da farko dai mu tuna yadda dukiyarmu take. Garken makiyayi ba nasa ba ne shi kaɗai. A ciki akwai saniyar da aka ba matarsa sadaki, akwai karsanar da aka ba yaro tun ranar suna domin ta hayayyafa ya yi aure da ita, akwai na marayu, akwai na amana. Nonon da ake tatsa kuwa shi ne jarin mace, da shi take sayen gishiri da sabulu da zane ba ta roƙi kowa ba. Haka nan falke: shanun da ya loda a mota daga Burkina Faso ko Nijar, sau da yawa da kuɗin mutane ne, maigidansa a Kumasi shi ya tsaya masa, mahauci kuma ya ɗauka bashi sai ya sayar ya biya. Saboda haka in asara ta faɗa wa mutum ɗaya, mutum goma ta taɓa, kuma dukansu a gida ɗaya suke kwana.

Asara kuwa mun gan ta. A farkon 2012 babbar kotu a nan Kumasi ta ba da umurni a fitar da shanu daga ƙasar Agogo, a 2018 kuma sojoji da 'yan sanda suka sake shiga, aka kori garkuna, aka harbe wasu. Ba mu manta ba cewa manoma su ma sun yi asarar amfanin gona da rayuka, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Abin da muke nufi a nan shi ne, bayan ƙura ta lafa, mutane da yawa sun taso daga ruga sun shigo zango da iyalinsu, suka kama ɗaki ɗaya ko biyu na haya, ba nono, ba kiwo, ba sana'ar gari a hannu. An ƙidaya shanun da suka mutu, amma babu wanda ya ƙidaya gidajen da suka mutu a bayansu.

Bari mu ba ku labarin wani ɗan'uwanmu. Ya yarda mu faɗa, amma ba za mu ambaci sunansa ko unguwarsa ba. Mafi yawan garkensa ya salwanta a wancan rikici, ya dawo gari da mata biyu da 'ya'ya, ya zama yaron wani dillali a kara. Mutum mai fara'a a da, sai ya koma in ya shigo gida ba ya ce wa kowa uffan, in kuwa ya buɗe baki to faɗa ne. Babban ɗansa ya shiga tuƙin aboboya, daga nan ya faɗa shan tiramol. Amarya ta yi yaji sau uku. Uwargida ta rame, kullum ciwon kai da ciwon ƙirji, an auna ta a asibiti ba a ga kome ba. Mun zauna da su sau uku tare da liman da dattawa. Muka yi wa yaron faɗa, muka ba matan haƙuri, muka ce da maigidan ya sassauta. Kowa ya ce to, amma babu abin da ya sake.

Kada a ɗauka muna raina sulhun dattawa. Shi ne gadonmu, addini ma ya zo da shi, domin aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da a ɗauko mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka. Gidaje da yawa da ke tsaye a Aboabo da Asawase yau, limamai da masu unguwa da sarakunan zango ne suka tsayar da su. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sulhunmu yana da iyaka. Mukan nemi mai laifi ne mu ba shi rashin gaskiya, sa'an nan mu ce a yi haƙuri. Mace ba ta iya faɗin abin da ke ranta a gaban surukanta. Yaro ba ya buɗe baki a gaban manya. A al'adar Fulani kuma uba yana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kama, balle su zauna su tattauna. Ga kuma tsoron kada magana ta fita, domin abin da aka faɗa a zaure da hantsi, kafin la'asar an ji shi a kara. Daɗin daɗawa, in akwai ciwo a cikin lamarin, mu ba mu da ilmin gane shi.

To, a nan ne aikin masu ba iyali shawara ya shigo. Mutane ne da suka yi karatun halayyar ɗan'adam da lafiyar ƙwaƙwalwa, aka kuma koya musu yadda ake zama da mutanen gida gaba ɗaya. Ku da kuke kiwo za ku fi kowa saurin gane hikimar. In saniya ɗaya ta kama tari a garke, malamin dabbobi na kirki ba ya yi mata allura ya juya ya tafi. Sai ya tambayi inda suke shan ruwa, da inda suke kwana, da wace ce aka sayo kwanan nan. Haka mai wannan aiki yake kallon gida. Yaron da ke shan ƙwaya ko matar da ke yaji, a wurinsa su ne inda ciwon ya ɓullo, shi kuwa yana neman yadda zaman gidan yake ciyar da ciwon, da kuma ƙarfin da ke cikin gidan wanda za a yi magani da shi.

Wani zai ce ai wannan abin Turawa ne. To, ku saurara. A 1954, a Aro kusa da Abekuta ta Nijeriya, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti maimakon a kulle su, kuma kowane mara lafiya sai ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, su zauna tare har a gama magani. Duniya ta yaba da wannan tsari, daga baya ma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Landan kuma, tun daga ƙarshen shekarun 1950, wani masani mai suna George Brown ya bi diddigin masu taɓin hankali da aka sallama daga asibiti, ya gano cewa waɗanda suka koma gidan da ake yawan kushe su da tsangwamarsu, ko ake takura musu da kulawar da ta wuce kima, ciwonsu ya fi saurin dawowa. Waɗanda suka biyo bayansa suka gwada zama da iyalan suna koya musu yadda za su zauna da mara lafiya, tare da ci gaba da shan magani, sai aka ga dawowar ciwon ta ragu. A Amurka kuma akwai Salvador Minuchin, haifaffen Ajantina, wanda ya yi aiki da yara kangararru 'ya'yan talakawa a shekarun 1960. Ya lura cewa in an gyara yaro shi kaɗai aka mai da shi gidan da bai sake ba, sai ya koma ruwa, saboda haka ya riƙa tara iyaye da 'ya'ya a ɗaki ɗaya. Kun ga ashe abin da muka sani ne tun kaka da kakanni, cewa mutum ba ya ciwo shi kaɗai, aka ɗauka aka yi masa tsari.

Yaya zaman yake? Akan ɗauki kamar awa ɗaya, mako-mako ko bayan mako biyu, sau da yawa kuma cikin 'yan watanni an gama. Mai shawara ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba ya raba aure, ba ya kuma tilasta a zauna. Yakan fara da tambayar su wa ke gidan, wa ya haifi wa, wa ya rasu, yaushe aka yi ƙaura, har ya zana bishiyar dangi a takarda. Yakan ba kowa dama ya yi magana ba a katse shi ba. Yakan tambayi wannan yadda yake ganin abin yana taɓa wancan, domin kowa ya ji yadda ake ganinsa. In akwai kunya tsakani, yana iya ganin mutane ɗaya-ɗaya tukuna, ko kishiyoyi kowace ita kaɗai, ko ya nemi a zo da baffa ko kawu ko goggo wanda bakinsa ke shiga tsakanin uba da ɗa. A ƙarshen kowane zama akan tashi da ɗan aikin da za a gwada a gida kafin a dawo.

Mu koma kan ɗan'uwan nan namu. Wata rana yaron ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, abin da tiramol kan jawo in an sha da yawa. Aka kai shi asibiti. Da ya farfaɗo sai ma'aikaciyar sashen ƙwaƙwalwa ta ce tana son ganin uban da iyayensa mata. Uban ya ƙi, sai da ƙanensa ya lallashe shi. A zama na uku ne magana ta fito. Ashe ranar da aka yi asarar shanun, yaron ne ke tare da su a daji, kuma tun ranar yana ganin shirun uban nan fushi ne da shi. Ta bakin baffansa ya aika da maganar. Da aka gaya wa uban, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe, sa'an nan ya ce shi kunya ce ta hana shi duban yaron, domin shanun aurensa na cikin waɗanda suka tafi, ba shi kuma da abin mayar masa. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, kowa yana zaton ɗayan ne ke riƙe da shi. Uwargida ita ma ta ce, "Malam, shanun sadakina biyu suna ciki, ban taɓa neman ka biya ni ba, amma ko sau ɗaya ba ka ce mini sannu ba." Amarya kuwa ta ce duk sanda kuɗin cefane ya gaza ita ake kallo, alhali ba ta san nawa ke shigowa ba.

Likita ya duba uban ya ce yana da ciwon damuwa mai tsanani, aka ɗora shi a kan magani, barcinsa ya dawo. Aka shirya cewa duk ranar Juma'a zai zauna da matan a faɗi abin da ya shigo da abin da za a kashe. Aka samo wa uwargida ɗan jari tana saro nono tana dama fura. Baffan ya ɗauki nauyin raka yaron asibiti. Ba za mu ce muku kome ya zama daidai ba. Shanu ba su dawo ba, yaron ma ya sake komawa ƙwayar sau ɗaya kafin ya tsaya. Amma yau gidan yana nan, ana cin tuwo a kwano ɗaya.

Yanzu sai tambayar da ta fi muhimmanci: ina za a sami irin waɗannan mutane? Ku bambanta su tukuna. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ke gane ciwo ya rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan'adam da mai ba da shawara, su aikinsu zama da tattaunawa ne. Akwai nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke asibitocin gundumomi, waɗanda har gida sukan bi mara lafiya. Akwai kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a a ofishin gunduma, masu kula da maganar ciyar da yara da riƙonsu. Mu nan Aboabo muna ƙarƙashin Asokore Mampong ne.

A Kumasi, asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda muka fi sani da Ji, yana da sashen ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin gwamnati na Tafo. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan guda 3 duk suna kudu ne: na Ankara babban birni, da na Pantang kusa da shi, da na Ankaful wajen Cape Coast. Wanda ke ruga ba sai ya yi wannan doguwar tafiya ba, ya fara da asibitin gundumarsa ya ce yana neman nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, ita za ta tura shi gaba in da bukata. Waɗanda suka ƙware a zama da iyali musamman ba su da yawa, saboda haka ku buɗe baki ku ce kuna son a gan ku tare da mutanen gidanku. Game da kuɗi, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ita ta kafa hukumar da ke kula da wannan fanni, kuma daga watan Nuwamba na 2024 an shigar da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa guda 4 cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da ciwon damuwa. Don haka kowa ya sabunta katinsa da na iyalinsa. Masu zaman kansu kuwa biya ake yi, a yi ciniki tun kafin a fara.

Ba ma sayen sa sai mun duba haƙoransa, to haka za ku yi wa mai shawara tambayoyi. Na farko, yana da lasisi? Tun 2013 doka ta kafa hukumar da ake kira Ghana Psychology Council, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista, kuna da ikon ku ce a nuna muku takarda. Na biyu, ya taɓa zama da iyali gaba ɗaya, ya kuma san gidan da ke da mata fiye da ɗaya? Na uku, da wane harshe za a yi magana? In ba ya jin Hausa ko Fillanci, ku zo da tafinta babba mai riƙon amana, kada ku sa ɗanku ƙarami ya fassara maganar iyayensa, kada kuma ku ɗauko maƙwabci mai surutu. Na huɗu, yana girmama addininku da al'adarku? Ba dole sai Musulmi ba, amma wanda ya fara da raina sallarku ko kiwonku, ku nemi wani. Na biyar, ya gaya muku ƙa'idar sirri: abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita, sai fa in ran wani na cikin haɗari. Na shida, tun da mu mutanen tafiya ne, ku tambaya ko za a daidaita ranakun zama da ranakun kasuwa da lokacin tashi, ko a yi wani zaman ta waya. Wanda kuwa ya ce zai gyara muku gida a zama ɗaya in kun biya kuɗi masu yawa, ku riƙe aljihunku.

Akwai wuraren da ba a jiran zaman shawara. In ana dukan mace ko yaro har ana tsoron rauni, tsare rai ne farko. Dokar hana cin zali a cikin gida ta 2007 tana nan, 'yan sanda kuma suna da sashe na musamman mai suna DOVVSU. Ba a zaunar da wanda ake duka gaban mai dukansa a ce ya faɗi ransa, domin in an koma gida shi zai sha. In mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da igiya da maganin feshi da na wankan shanu, a kai shi asibiti a ranar. Kada ku ji tsoron kamu, domin a 2023 majalisa ta gyara doka, yunƙurin kashe kai ya daina zama laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Wanda kuma hankalinsa ya gushe, kada a sa masa mari ko sarƙa, hukuma ta hana wannan tun 2017. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma sha magani, ɗaya ba ya korar ɗaya. Game da ƙwaya, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin ta kuma tsaurara sayar da tiramol, amma har yanzu yana yawo a ɓoye, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a raba shi da shi da bulala, sai da taimakon asibiti.

Mun san abin da ke zukatan wasu: kunya, da gudun a ce gidan wane akwai mahaukaci, har a ƙi auren 'ya'yansa. Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya kira malamin dabbobi tun saniya tana ɗingishi ba a ce masa ragon makiyayi. Kunya da haƙuri ado ne a gare mu, da su aka san mu, amma haƙurin da zai sa mutum ya yi shiru har gidansa ya rushe ba shi ne wanda iyayenmu suka koya mana ba.

Daga ƙarshe muna da roƙo guda 3. Iyayenmu limamai da dattawa, ku ci gaba da sulhu, amma in kun zauna da gida sau biyu ko uku abin yana dawowa, ko kun ga rashin barci da rama da shan ƙwaya, ku tura su asibiti, ku ma raka su. Masu gidajen baƙi da dillalai, ku ne kuka fi kowa sanin wanda ya karye a kasuwa, ku lura da shi tun kafin abin ya kai gida. Mu kuma jami'ai mun ɗauki alkawarin samo maza da mata amintattu masu jin Hausa da Fillanci da harshen Asante, waɗanda za su raka duk mai bukata su yi masa tafinta, ba tare da sunansa ya shiga littafin ƙungiya ba. Mai son magana da mu ya same mu bayan an tashi, ko ya aiko wani nasa.

Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da gidajenmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.